Tambaya da Amsa: Kafofin Sabar da Wayar da Ta Dace da Kowace Kafa

Filinmu na wannan fitowar ya karkata ne gaba ɗaya kan sabar, wato kwamfutar nan mai yi wa sauran kwamfutoci hidima, wadda wasu ke kira uwar garke, domin wasiƙun da suka taru a kanta sun yi yawa, kuma kusan dukkansu suna zagaye abu ɗaya ne: wace waya ce ke shiga wace kafa, kuma me ya sa wani lokaci kan waya yake shiga daram amma aiki ya ƙi. Na zaɓi guda shida, na kuma taƙaita wasu daga cikin tambayoyin ba tare da na taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya ta farko

Assalamu alaikum Malam. An kawo mana sabuwar sabar a wurin aiki, na duba bayanta ban ga kafar HDMI ba, sai wata shuɗiyar kafa mai ramuka 15 irin ta tsofaffin kwamfutoci. Allon kallon da muke da shi kuwa HDMI kaɗai yake karɓa. Na sayi adafta mai VGA a baki ɗaya da HDMI a ɗaya bakin, na haɗa, amma allon bai nuna komai ba. Shin sabar ce ta zo da lahani, ko kuwa tsohuwa aka sayar mana? Daga wani sabon ma'aikacin sashen kwamfuta.

Amsa

Wa alaikumus salam. Malam, ka kwantar da hankalinka, domin a cikin bayaninka babu abin da ke nuna cewa sabar tana da lahani ko kuwa tsohuwa ce. Kafar da ka gani sunanta VGA. Kamfanin IBM ne ya fito da ita a shekarar 1987 tare da jerin kwamfutocinsa na PS/2, kuma duk da cewa a watan Disamba na 2010 Intel da AMD da wasu manyan kamfanoni sun sanar da shirin yin ban kwana da ita zuwa 2015, abin da ya sa ta ɓace daga yawancin laftof da kwamfutocin tebur, masu ƙera sabar da yawa ba su sake ta ba har yau. Dalili kuwa shi ne, hoton da sabar ke fitarwa ba daga babban katin hoto yake zuwa ba. Yana fitowa ne daga wani ɗan ƙaramin cif mai lura da lafiyar injin, wanda ake kira BMC, irin su AST2500 da AST2600 na kamfanin ASPEED, kuma ɓangaren hoton da aka ɗora masa bai wuce wanda zai nuna rubutu da saitin BIOS, wato manhajar da ke fara tayar da injin, da shafin girka babbar manhaja irin su Windows ko Linux ba. Ga shi kuma ɗakunan ajiye sabobi cike suke da na'urorin sauya allo ɗaya tsakanin sabobi da yawa, masu VGA, waɗanda aka saya shekaru da dama da suka wuce, suna aiki lafiya, babu wanda yake da dalilin zubar da su.

Inda nake kyautata zaton matsalarka take shi ne adaftar. VGA tana aika hoto ne ta hanyar analog: akwai waya guda ta ja, guda ta kore, guda ta shuɗi, kowacce tana ɗauke da ƙarfin lantarki mai hawa da sauka gwargwadon hasken launin, sai wasu biyu masu daidaita lokacin zana layuka. HDMI kuwa, wadda ƙa'idarta ta farko ta fito a watan Disamba na 2002, mai allurai 19 ce, kuma lambobi zalla take aikawa. Saboda haka waya kaɗai ba za ta haɗa su ba, dole sai da cif a tsakiya wanda zai juya sigina, kuma cif ɗin hanya ɗaya yake bi, ba ya komowa. Wanda ya fi yawa a hannun mutane shi ne mai karɓar HDMI ya fitar da VGA, irin wanda ake haɗa sabon laftof da tsohon majigi. Kai kuwa akasinsa kake bukata, wato mai karɓar VGA ya fitar da HDMI. Hanyar gane shi mai sauƙi ce: yakan zo da wata 'yar wayar USB a gefe, saboda kafar VGA ba ta ba shi wutar da za ta ishe shi, alhali kafar HDMI tana fitar da bolt 5 ta allura ta 18, wanda ɗaya nau'in ke dogara da shi. Idan adaftarka ba ta da wannan wayar ta gefe, to kusan tabbas wadda ba ta dace ba ce ka sayo.

Sai dai ko ka samo wadda ta dace, ina so ka san wani abu tun yanzu. A lokacin da sabar ke tashi tana sauya girman hoto sau da yawa, kuma tsohon yanayin rubutu na VGA yana fitowa ne a ɗigo 720 a kwance da 400 a tsaye, sau 70 a daƙiƙa, wanda adaftoci da talabijin da yawa ba sa karɓa. Sakamakon shi ne ka ga hoto bayan babbar manhaja ta gama tashi, amma ka rasa ainihin shafin da ka fi bukata, wato inda ake shiga BIOS ko inda saƙon kuskure ke bayyana. Wannan ne ya sa shawarata a kullum ita ce a nemi allo guda mai kafar VGA ta asali, komai ƙanƙantarsa, a ajiye shi kusa da sabar don wannan aikin kaɗai. Ranar da injin ya ƙi tashi ba ranar da mutum zai tsaya yana tantama kan adafta ba ce.

Akwai ƙananan abubuwa uku da za ka duba. Ka haɗa allon ka kunna shi kafin ka tayar da sabar, domin ta allurai na 12 da na 15 ne allon ke sanar da injin irin girman hoton da yake iya ɗauka, kuma idan ɗaya daga cikinsu ta lanƙwashe za ka ga hoto ya ƙi cika allo ko ya ƙi fitowa gaba ɗaya. Idan kuma ka ƙirga allurai a kan wayar ka tarar 14 ne, kada ka ɗauka ɗaya ta karye, domin wayoyi da yawa ana ƙera su ba tare da ta 9 ba. Na uku shi ne haƙuri: sabar mai ƙwaƙwalwa da yawa tana iya ɗaukar mintuna tana gwajin kayan cikinta allo yana baƙi, fankoki suna ƙara, kuma masu sabon shiga da dama sukan kashe ta a daidai wannan lokacin suna zaton ta lalace.

Tambaya ta biyu

Malam, sabarmu tana da kafar allo a gaba da wata a baya. Na haɗa allo biyu don in faɗaɗa wurin aiki, sai na baya ya ɗauke. Haka kuma akwai wani babban katin hoto da aka sa a ciki, amma ban ga ko kafa ɗaya a jikinsa ba. Yaya abin yake? Daga wata ɗalibar kimiyyar kwamfuta.

Amsa

Malama, kafofin biyu daga tushe ɗaya suke sha, wato cif ɗin BMC da na yi bayaninsa a sama, kuma ba a yi su don allo biyu ba. A sabobi da yawa, da zarar an haɗa ta gaba sai ta baya ta ɗauke da gangan, domin ta baya ita ce ta dindindin da ke haɗe da na'urar sauya allo, ta gaba kuwa ta mai gyara ce da zai turo teburinsa mai taya, ya yi aikin minti goma, ya zare ya tafi. A wasu sabobin kuma hoto iri ɗaya suke nunawa. Ko ta wace hanya dai, ba za ki samu faɗin da kike nema ba.

Katin da kika gani babu kafa a jikinsa ba don nuna hoto aka ƙera shi ba, don lissafi ne, kamar su T4 da A100 da H100 na kamfanin NVIDIA, waɗanda bayansu ramukan fitar iska ne kawai. Idan lallai ana bukatar allo biyu, sai a sa katin hoto mai kafofin DisplayPort ko HDMI, a shiga BIOS a zaɓi wanda zai zama na farko. Amma ki lura da abin da za a rasa: hoton da ake gani daga nesa ta kafar gudanarwa, wato kafar da ake sarrafa sabar da ita daga nesa, na cif ɗin cikin gida ne kaɗai, don haka duk abin da aka karkatar zuwa sabon katin ba zai bayyana a can ba. Sababbin sabobi kuma wasu suna zuwa da DisplayPort ko ƙaramarta a maimakon VGA. Idan kin ga alamar DP da ƙari biyu a gefen kafar, adafta mara cif za ta iya kai ki ga HDMI ko DVI, idan babu alamar sai ki duba littafin injin kafin ki saya, zuwa VGA kuwa a kowane hali sai mai cif.

Tambaya ta uku

Ranka ya daɗe, a bayan sabar da nake kula da ita akwai kafofi shida masu kama ɗaya, irin waɗanda wayar intanet ke shiga. Huɗu suna jere, biyu suna gefe. Na sa wayar sadarwa a ɗaya daga cikin na gefen, fitila ba ta kama ba. Na sa a ɗayar, fitila ta kama, amma babbar manhaja ba ta ga wata sadarwa ba. Mene ne amfanin waɗannan biyun? Daga wani mai kula da kwamfutocin wata makaranta.

Amsa

Malam, wannan ce tambayar da ta fi muhimmanci a cikin duk waɗanda suka zo, kuma na ji daɗi da ka tsaya ka tambaya maimakon ka ci gaba da gwaji. Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane, kuma babu inda maganar ta fi dacewa kamar bayan sabar. Kai mai allurai takwas da ake kira RJ45 siffa ce kawai, ana ɗora aiki iri-iri a kansa. Huɗun da ke jere su ne kafofin sadarwa na babbar manhaja. Biyun da ke gefe kowacce da nata aikin daban, kuma a sabobin Oracle, alal misali, za ka ga an rubuta SER MGT a kan ɗaya, NET MGT a kan ɗayar.

Wadda fitilarta ba ta kama ba kafar siriyal ce, mai bin ƙa'idar RS-232 da ta samo asali tun 1960. A wasu sabobin tana zuwa da kai mai allurai tara, a wasu kuma da RJ45 don a rage wuri. Rubutu zalla take ɗauka, harafi bayan harafi, kuma darajarta tana cikin sauƙinta, domin tana aiki tun kafin a sa wa injin adireshin sadarwa, tana kuma aiki a lokacin da sadarwar ta rushe. Don amfani da ita kana bukatar wayar da aka yi dominta, da adaftar USB zuwa siriyal idan laftof ɗinka ba shi da kafar, da manhaja irin PuTTY. Saitin da aka fi samu shi ne gudun 9600 ko 115200, da bit 8 na bayani, babu bit na tantancewa, da bit 1 na tsayawa. Idan ka ga haruffa barkatai marasa ma'ana a allo, to waya lafiya take, gudun ne bai yi daidai ba. Idan kuma babu komai, sai ka tuhumi wayar: tsakanin kwamfuta da kwamfuta ana bukatar wadda aka gitta allura ta 2 da ta 3 a cikinta, idan kai mai allurai tara ne, ta yadda bakin wannan zai faɗa kunnen wancan, allura ta 5 kuma ita ce ta ƙasa. Kada tsawon wayar ya wuce kimanin mita 15.

Ina roƙonka kada ka sake sa wayar sadarwa a wannan kafar. Akasari ba abin da zai faru, amma akwai na'urorin da ke tura wutar lantarki ta cikin wayar sadarwa, bolt 24 ko 48, ba tare da sun fara tambayar abin da ke ɗaya bakin ba, kuma irin wannan wutar tana iya ƙona kafar siriyal. Makamancin wannan haɗarin yana nan a wajen na'urar riƙe wuta ta UPS: wasu nau'o'inta suna da kafa mai ramuka tara wadda tsarin alluranta ya saɓa wa na kowa, kuma sa mata wayar siriyal ta gama-gari yana iya kashe ta nan take, ta tafi da duk abin da ke jingine da ita. Wayar da ta zo a kwalinta ita kaɗai ce tata, a rubuta mata suna a ajiye.

Wadda fitilarta ta kama kuwa ita ce kafar gudanarwa. Sadarwa ce ta gaske, amma ba ta babbar manhaja ba ce, ta cif ɗin BMC ce, shi ya sa manhajar ba ta gan ta ba. Kowane kamfani da sunan da ya ba nasa: Dell na kiransa iDRAC, HPE na kiransa iLO, Lenovo na da XClarity Controller, Oracle kuma ILOM. Ƙa'idar da suka daɗe suna bi ita ce IPMI, wadda ta fito a 1998, bugu na 2.0 ya biyo baya a 2004, sannan Redfish ta zo a 2015. Wannan cif ɗin yana raye muddin wayar wuta tana jikin sabar, ko da an kashe ta, kuma ta burauza kana iya kunna injin, ka kashe shi, ka duba zafinsa da lafiyar fankokinsa, ka ga allonsa tun daga tashi, ka yi rubutu da kibod ɗinka, har ka ɗora masa faifan girka manhaja daga laftof ɗinka kamar ka soka filash a jikinsa. A wasu kamfanonin ganin allo daga nesa yana bukatar lasisi na daban. A ganina duk wanda ya riƙe sabar bai saita wannan kafar ba, ya bar rabin abin da aka biya kuɗinsa a kwance.

Sai dai ƙarfin nan nata shi ne haɗarinta, domin wanda ya shiga ta nan daidai yake da wanda ke tsaye a gaban injin da makulli a hannu. Kada a taɓa buɗe ta ga intanet kai tsaye. A ware mata hanyar sadarwa ta daban wadda ɗalibai da sauran ma'aikata ba sa kaiwa gare ta, a sauya kalmar sirrin da ta zo da ita, wadda a sabobin zamani akan buga a jikin wani ɗan kati da ake zarowa a gaban injin, a kuma riƙa sabunta manhajar cif ɗin. Irin wannan rikicin kama yana faruwa a kafofin USB na gaba ma: ƙaramar kafar iDRAC Direct a sabobin Dell da kafar hidima ta iLO a na HPE duk na BMC ne, don haka idan ka soka kibod a kafar hidimar ka ga bai yi aiki ba, ba lalacewa ta yi ba.

Tambaya ta huɗu

Malam, ina kwafe bayanan sabarmu zuwa faifan ajiya na waje ta USB duk dare, amma sau da yawa faifan yakan ɓace a tsakiyar aiki, wani lokaci kuma ina jin yana ƙas-ƙas. A laftof lafiya yake aiki. Daga wani ma'aikacin ofishin lissafi.

Amsa

Malam, alamomin da ka bayyana na ƙarancin wuta ne. Kafar USB 2.0, wadda ta fito a shekarar 2000, ƙa'idarta ita ce ta ba da mili-amfa 500 a kan bolt 5, wato wat 2.5, kafar USB 3.0 ta 2008 kuma mili-amfa 900, wato wat 4.5. Faifai mai juyawa yana jan wuta mafi yawa a lokacin da injinsa ke tashi, kuma idan wutar ta gaza sai ya tsaya ya sake yunƙurawa, wannan ne ƙas-ƙas ɗin da kake ji. A sabobi da yawa kafofin gaba na 2.0 ne, domin kibod da filash aka yi su, masu ƙarfin suna baya. Ka nemi wadda cikinta shuɗi ne ko mai alamar SS a gefe. Bambancin bai tsaya ga wuta ba, domin gudun 2.0 megabit 480 ne a daƙiƙa, na 3.0 kuwa gigabit 5, wato ya ninka shi kusan sau goma a takarda.

Idan kana amfani da wayar ƙari ko mararrabar USB mara wutar kanta, cire su, domin kowane ƙarin tsawo yana rage bolt ɗin da ke isa faifan. Iyakar wayar 2.0 mita 5 ce, ta 3.0 kuma bai kamata ta wuce kimanin mita 3 ba. Mafi kyawu shi ne faifai mai wayar wutarsa ta daban, a jona shi a UPS ɗin da sabar ke kai, don kada wuta ta ɗauke masa shi kaɗai ana tsakiyar rubutu. Idan Linux kake amfani da shi, umarnin dmesg zai nuna maka ko kafar ta yi ƙorafin an ja wuta fiye da kima ko ta sake haɗa na'urar, a Windows kuma sai ka shiga saitin wuta ka hana shi kwantar da kafofin USB. Kafin ka zare faifan kuma, ka sallame shi ta manhaja, saboda ɓangaren abin da ka ga kamar an gama kwafewa yana iya kasancewa a ƙwaƙwalwa bai sauka ba tukuna.

Zan ƙara da ra'ayina, ko da ba ka tambaya ba. USB ta dace da kwafin da za a ɗauka a adana a wani wuri, kuma wannan ɗabi'a ce mai kyau, amma ba ta dace da rumbun da zai zauna haɗe dare da rana ba, ko don kanta da ba shi da maƙalli, hannun riga ma yana iya fizge shi. Ajiyar waje ta dindindin aikin SAS ne, wato hanyar haɗa faifai da sabar, mai kai irin SFF-8088 ko sabonsa SFF-8644, masu maƙalli da ke riƙe su. A nan tsarin kunnawa yana da muhimmanci: a fara kunna akwatin faifan, a jira su gama tashi, sannan a kunna sabar, wajen kashewa kuma a fara da sabar.

Tambaya ta biyar

Malam, sabobi biyar gare mu a rak ɗaya, wato kantar da ake jera sabobi a ciki. Dole ne kowacce ta samu allonta da kibod ɗinta? Ɗaya daga cikinsu ma tsohuwa ce mai zagayayyun kafofi, shunayya da koriya. Daga wani mai koyon aikin sadarwa.

Amsa

Ba dole ba ne, ɗan'uwa. Na'urar KVM, wato na'urar sauya allo da na ambata a baya, ita ce maganin wannan: allo ɗaya, kibod ɗaya, da linzamin kwamfuta ɗaya, wanda aka fi sani da maus, sai waya daga kowace sabar zuwa na'urar, kana sauyawa da maɓalli ko da danna Scroll Lock sau biyu a nau'o'i da yawa. Akwai ma wadda aka haɗa da allo mai naɗewa a cikin aljihun da ke cin gurbi ɗaya na rak, wato milimita 44.45. Ka zaɓi mai riƙe wa kowace sabar bayanin allo da kibod ko da an juya ga wata, don kada injin ya tashi ya ɗauka babu kowa a haɗe. Ka kuma yi amfani da kibod mai waya, mara ƙawa, domin marasa waya da masu fitilu da maɓallan musamman sukan rikita na'urar. Wasu KVM ɗin suna amfani da wayar sadarwa ta RJ45 tsakaninsu da 'yan adaftocin da ke bayan sabobi, amma abin da ke gudana a cikinta hoto ne, ba sadarwa ba, saboda haka kada ta bi ta na'urar rarraba sadarwa, kuma yana da kyau launinta ya bambanta da na sauran wayoyi.

Zagayayyun kafofin nan su ne PS/2, masu allurai shida, shunayya ta kibod, koriya ta linzami. Ba kamar USB ba, ba a ƙera su don sokawa da zarewa injin yana kunne ba. Sau da yawa sabar ba za ta ga abin da aka soka ba sai an sake tayar da ita, a tsofaffin injuna kuma yana iya lalata kafar. A kashe, a haɗa, sannan a kunna.

Tambaya ta shida

Malam, shugabanmu ya ce in rufe dukkan kafofin USB na sabar saboda tsaro. Ina tsoron kada in rufe kaina a waje. Me kake gani? Daga wata jami'ar kula da bayanai.

Amsa

Malama, shugabanku yana da hujja, ke ma tsoronki yana kan hanya. Tsutsar Stuxnet da aka gano a 2010 ta filash ta riƙa tsallakawa zuwa kwamfutocin da ba su haɗe da intanet, a 2014 kuma masu binciken tsaro Karsten Nohl da Jakob Lell suka nuna a taron tsaron kwamfuta na Black Hat cewa ana iya sauya manhajar cikin filash ya gabatar da kansa a matsayin kibod, ya riƙa buga umarni da kansa, abin da aka sa wa suna BadUSB. Binciken fayiloli ba ya kama irin wannan, domin ba a cikin fayil yake ba.

Amma rufewa hawa-hawa ce. BIOS na yawancin sabobi yana ba da zaɓin a bar duka a buɗe, ko a rufe na gaba kaɗai, ko a rufe duka na waje, kuma kafar cikin akwatin, wadda akan soka makullin lasisin manhaja, tana da nata saitin daban. Abin da ya kamata ki kiyaye shi ne, kibod da linzami da faifan da BMC ke kawowa daga nesa duk a matsayin na'urorin USB suke bayyana ga babbar manhaja. Idan kika kashe tushen USB gaba ɗaya, ko kika hana manhajar karɓar kowane kibod, to za ki ga allon daga nesa amma ba za ki iya buga ko harafi ɗaya ba. Hana na'urorin ajiya kuma zai hana faifan girka manhaja na nesa bayyana.

Ga yadda zan yi da ni ne. Da farko in saita kafar gudanarwa, in gwada ta har in tabbatar ina shiga BIOS daga nesa, in kuma sa wa BIOS ɗin kalmar sirri a adana ta inda mutum biyu amintattu suka sani. Sannan in rufe kafofin gaba, in kulle murfin gaban sabar da ƙofar rak da makulli. Na baya kuwa in bar su ga KVM da UPS, in sa manhajar tantancewa ta tsare su, wato USBGuard a Linux ko dokokin hana girka na'urori na Group Policy a Windows, waɗanda ke karɓar na'urorin da aka lissafa kaɗai su ƙi saura. Kafin ki kunna dokar, ki tabbata kin sa na'urorin BMC da na KVM a cikin jerin, kuma ki yi gwajin farko kina tsaye a gaban injin, a lokacin da ba a aiki da shi, da wayar siriyal a haɗe da laftof ɗinki.